Aiken Dattijon Maraɗi

Ko da zan manta ranar da na fara sauka a ƙasar Sin, ko ranar da na bar ta, akwai abu guda da na tabbata zai bi ni har kabari. Ba zan taɓa mantawa da aiken da wani dattijo ɗan Maraɗi ya yi mini a Guangzhou ba, da kuma abin da na yi da aiken. Shekara bakwai ke nan, amma har gobe akwai wata hula a saman durowata da ban taɓa ɗora ta a kaina ba. Matata ta sha tambayata ko ta yi mini kaɗan ne in bayar da ita. Ko da ido na san daidai kaina take.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin gidaje da ke da ofis a Xiaobei, unguwar da duk ɗan kasuwar da ya fito daga Kano ko Maraɗi ko Yamai yake fara ajiye jakarsa. Aikin kamfanin shi ne bayar da hayar ɗakunan kwana, da shaguna, da ɗakunan ajiyar kaya ga baƙi 'yan kasuwa. Ni kuma na gama karatun harshen Sinanci ke nan, kaina ya kumbura, ina jin babu wani baƙar fata da ya kai ni iya murɗa harshe a duk garin. In na buɗe baki a jirgin ƙasa Sinawa suka juyo suna kallona, sai in ƙara murya. Yarinta ce, Allah ya yafe mana.

Ba takardata ce ta samo mini aikin ba, wannan dattijon ne. Kowa Baba yake ce masa, har Sinawan ofis. Ya haura shekara hamsin da biyar, dogo ne siriri, gemunsa ya yi furfura, kullum cikin jamfa wankakkiya da ƙaramin carbi a aljihu. Ya fi shekara goma a kamfanin. Bai yi boko mai nisa ba. Hausa yake ji, da Faransanci, da Sinancin kasuwa wanda bai wuce gaisuwa da ciniki da faɗa ba. A wani gidan abinci na Musulmi muka haɗu, ya ji ina yi wa mai kawo abinci iyayi da Sinanci, ya yi dariya ya kira ni teburinsa. "Ɗan Kano," ya ce, "wanga baki naka ya hi ƙarhin odar shinkahwa. Taho gobe biro in kai ka wurin loban." Biro ofis yake nufi, loban kuwa shi ne yadda kowa yake kiran mai kamfani a can. Washegari ya riƙe hannuna ya kai ni, ya ce shi ya tsaya mini, aka ɗauke ni.

Sai da na shiga na gane cewa kamfanin a kan wuyan Baba yake tsaye. Masu gidaje da yawa ba sa son ba wa baƙar fata haya. Da ka buga waya sun ji sunanka, sai ka ji "meyo", wato babu, ko da kuwa ɗakin yana nan a buɗe ƙura ta cika shi. Baba ne yake hawa bene yana sauka, yana bin masu gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu in ɗan haya ya yi ɓarna shi za a kama. Shi ne kuma yake zuwa ya zaunar da Alhazawanmu ya ce musu kada a tara mutum takwas a ɗakin mutum biyu, kada a zuba mai a magudanar ruwa, kada a yi ta hira a bakin ƙofa maƙwabta na barci. In ɗan kasuwa ya kwanta rashin lafiya, Baba ne zai kai shi asibiti. In wani ya rasu, shi zai shige gaba har a rufe shi. Mutum zai sauka daga jirgi bai san sunan kamfaninmu ba, abin da ya sani kawai an ce masa ya nemi Baba ɗan Maraɗi.

A bangon ofis, daidai inda mai shigowa zai fara gani, akwai wani babban hoto na ma'aikata. An jera mu kamar kayan talla: Sinawa 'yan gari, da Sinawan da suka zo daga ƙauyukan arewa, da ni da Baba cikin manyan kaya, sai wani Bature a tsakiya cikin kwat. An rubuta a ƙasa wai mu iyali ɗaya ne daga duniya daban-daban. Baturen nan yaro ne, ban jin ya girme ni, kuma ba mugu ba ne, yana da fara'a. Amma dai a wata goma sha takwas da muka yi tare ban taɓa ganin ya ba da hayar ko bandaki ba. Aikinsa ya sa kwat, ya zauna a gefen loban in manyan baƙi sun zo, ya gyaɗa kai. Mukan yi masa tsiya ni da Baba da Hausa yana yi mana murmushi. Baba yakan ce, "Bar shi ɗana, kowa da rabonsa." Ni kuwa in ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina faɗa ne da wasa, don a lokacin ban san iyakar gaskiyar maganar ba.

Na san ta ne a wata bazara, lokacin da damshi yake sauka a Guangzhou har bango ya riƙa gumi, tufafi su ƙi bushewa. Wani kamfani daga waje yana son zuba jari a namu, sai suka ce kafin su sa hannu a aiko musu da bayanin ma'aikata: su waye, daga ina suke, kuma nawa ake biyan kowane jinsi. Suka ce kuma za su turo wata mata ta zo ta gana da ma'aikata ɗaya-ɗaya. Da yake Baturenmu ba ya karanta Sinanci, ni aka miƙa wa takardun in juya su zuwa Turanci.

Na zauna na buɗe, na ga abin da ya hana ni cin abincin rana. Tsani ne aka kafa, kowa da matakinsa, kuma ba aiki ne ya ajiye mutum a inda yake ba. Bature yana can sama shi kaɗai. Sai Sinawa 'yan gari. Sai Sinawan ƙauye, waɗanda su ma ashe ana ƙwararsu. Sai mu biyu a ƙasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko a ƙasan ma ni ne a sama. Ni da na zo jiya, ni da aka riƙo hannuna aka kawo, na fi Baba albashi. Abin da ake ba Bature a wata guda kuwa, sai Baba ya yi watanni yana hawa bene bai haɗa shi ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ranar da aka ɗauki Baba, loban ya tambaye shi nawa yake so. Shi kuma ya ba da amsar da duk dattijon kirki na wajenmu zai ba mutumin da ya yi masa alheri: ko nawa aka ba shi, Allah ya sa albarka. A gida in ka faɗi haka ka ɗaure mutum ne da kunya, dole ya ba ka abin da ya fi wanda za ka iya furtawa. A can kuwa loban ya rubuta mafi ƙanƙanta, ya yi murna ya samu araha. Ni da aka tambaye ni, na yi ciniki irin na Bakano har da tashi tsaye kamar zan tafi.

Ban gaya wa Baba abin da na gani ba. Na ce a raina me zai amfana masa in ban da baƙin ciki. Bayan kamar mako biyu, ranar wata Juma'a da muka sauko daga masallaci, ya ce mu je mu ci abinci. Muka zauna a gidan abincin da muka fara haɗuwa. Ya ci kaɗan ya ture kwano. Sannan ya sa hannu a jaka ya fito da hula a naɗe cikin leda, saƙar hannu, shuɗiya da zare fari, ya ajiye a gabana. Ya ce matarsa ce ta aiko da ita daga Maraɗi, ya ga ta fi dacewa da kan yaro.

Na yi godiya, na san kuma akwai magana a baya. Ya juya kofin shayi, ya fara magana. Ya ce takardarsa ta izinin aiki za ta ƙare nan da wata huɗu. Mutumin da ke yi wa kamfani takardu ya gaya masa cewa a wannan karon da wuya a sabunta masa, saboda shekarunsa sun ja, ga shi ba shi da takardar jami'a. Hanya ɗaya ta rage, a ɗaga matsayinsa da albashinsa a rubuce, ya zama kamfani ya nuna ba zai iya yi ba tare da shi ba. In ba haka ba sai gida. Yana da 'ya'ya uku a makaranta, babbar tana karatun aikin jinya saura mata shekara biyu.

"Ɗana," ya ce, yana kallon tebur, "shekara goma sha ɗaya ban taɓa buɗe baki na ce a ƙara min ba. Bakina ba shi iyawa. Kai ka san harshensu, ka san halinsu. Na aike ka. Ka tahi ka yi min magana da loban."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Dattijo ba ya roƙa wa kansa, sai ya nemi wanda ya yarda da shi ya sa maganar a bakinsa. Daga ranar kuma ya zare hannunsa, ba zai sake tayar da ita da kowa ba, don in ya yi haka ya nuna bai yarda da ɗan aikensa ba ke nan. Na san duk wannan, da shi aka raine ni. Na dafa ƙirji na ce, "Baba, ka ɗauka an gama. In ban yi maka wannan ba, me zan yi maka a duniya?" Wallahi a lokacin har zuciyata nake faɗa.

Ranar Litinin na shiga wurin loban. Mutum ne gajere mai yawan murmushi, yana da wani teburin shayi na katako a ofishinsa, duk wata magana mai nauyi a kansa ake yin ta. Ya zuba mini shayi a ɗan kofin nan nasu da bai wuce kurɓa biyu ba, na ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya kamar yadda suke yi. Na zayyana masa komai. Na tuna masa gidajen da Baba ya buɗe mana, da rigingimun da ya kashe. Har na yi ƙarfin halin cewa na ga takardun, kuma matar da za ta zo ita ma za ta gani.

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce shi ma abin yana ransa. Ya ce lallai bai kamata baƙuwa ta zo ta tarar babu baƙar fata ko ɗaya a cikin manyan ma'aikata ba, don haka ya yanke shawarar buɗe kujerar manaja mai kula da 'yan Afirka, da ofis, da albashi mai kyau. Na ji daɗi har na fara yi masa godiya. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya. "Kujera ɗaya ce," ya ce. "Baba mutumin kirki ne, amma ba ya jin Turanci, ba ya iya rubuta rahoto. Kuma shekara goma sha ɗaya bai taɓa yin kuka ba. Wanda bai yi kuka ba, ba ya jin yunwa. Ni kai nake so."

Na ce masa ai ni ba don kaina na zo ba. Ya yi dariya, irin ta wanda ya gano ka. Ya ce a wurinsu ma haka ake yi, in mutum yana son abu sai ya ce abokinsa ne yake so. Na sake cewa takardar Baba fa. Ya ce za a duba, akwai lokaci. Ya ɗauko wata takarda ya rubuta adadi ya turo mini. Ya ce in na ga Baba ya fi cancanta, shi ba zai hana ba, in faɗa yanzu a rubuta sunansa.

A nan ne nake so in yi wa kaina adalci, kada in yi wa mai karatu ƙarya. Ba ni da mara lafiya a gida. Ba a bin mahaifina bashi. Takardata ta izinin aiki tana da sauran shekara biyu. Babu abin da ya matsa mini in ban da adadin nan da na gani, da kalmar manaja, da tunanin yadda za a ji labari a unguwarmu. Zuciyata ta shiga kawo mini dalilai, kowanne da rawaninsa. Ta ce in na hau kujerar ai na fi samun bakin taimakon Baba. Ta ce in na ƙi, wataƙila loban ya ɗauko wani daga waje mu yi biyu babu. Ta ce gaskiya ne ai Baba ba ya iya rubuta rahoto. Kafin shayi na biyu ya huce na ce na amince.

Da na fito, Baba yana zaune a teburinsa kusa da ƙofa yana waya da wani Alhaji da ke neman ɗakin ajiya kusa da kasuwar tufafi ta Shahe. Na wuce ta gabansa ina duba wayata kamar an turo mini saƙo. Sai da yamma da muka fito ya tambaye ni, shi ma a kaikaice, wai ya na baro mutumin. Na ce, "Magana tana hannu, Baba. Ya ce zai duba." Ya ce madalla, Allah ya yi mini albarka. Bai sake tambayata ba. Loban ya ce kada a sanar da sabon matsayi sai baƙuwa ta zo ta tafi, amma a takardun da za a ba ta an riga an rubuta ni manaja. Ni da hannuna na juya wannan layin zuwa Turanci.

Matar ta zo ranar wata Laraba ana ruwa. Ba yarinya ba ce, ta manyanta, tana da tabarau da ɗan littafi, kuma daga ganin yadda take tambaya ka san ba ta zo shan shayi ba. Aka ba ta ɗakin taro, ta ce loban ya fita, kowa shi kaɗai zai shigo. Da aka zo kan Baba, sai aka ce in zauna in yi tafinta tunda ba ya jin Turanci. Muka zauna mu uku, ruwa yana dukan taga.

Ta buɗe takarda ta sa yatsa a layin ƙarshe. Ta ce in gaya masa ta ga shi ne ya fi kowa daɗewa a kamfanin, kuma shi ne ya fi kowa ƙarancin albashi, tana so ta ji daga bakinsa ko yana ganin an yi masa daidai. Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, ban rage ba. Wannan ne karo na farko da wani ya gaya masa matsayinsa ƙarara. Ya ce in gaya mata alhamdu lillahi, yana ci yana sha, loban bai taɓa wulaƙanta shi ba.

Ba ta gamsu ba. Ta cire tabarau ta ce in gaya masa babu wanda zai ji abin da ya faɗa, kuma mutanenta ba za su sa hannu ba sai an gyara duk abin da ta rubuta a gyara. In yana da wata buƙata, ko ta albashi ko ta takardu, yanzu ne lokacin faɗa. Har takardu ta ambata da bakinta. Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Na juya masa maganar. A raina ina roƙon Allah ya sa ya faɗa, don in ya faɗa da kansa na huta.

Baba ya juyo ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallo ne mai sanyi, ya ɗan jima. Sannan ya ce da ni a hankali, "Ba a aike biyu, ɗana." Ya juya wajenta ya dafa ƙirji. "Gaya mata ba ni da ƙorahi."

Na gaya mata. Ta rubuta wani abu gajere. Sai ta dube ni ta ce, "Kai fa, kana aiki da shi kullum. Akwai abin da kake ganin ya kamata in sani?" Jimla ɗaya ta ishe ni. Turancin yana bakina, babu loban a ɗakin, mutumin da ya aike ni yana zaune a gefena gwiwarsa tana taɓa tawa. Na ce mata babu. Ta rufe littafinta ta yi mana godiya.

Bayan mako guda aka tara ma'aikata aka sanar da sabon manaja. Aka tafa. Baba ne ya fara tasowa ya rungume ni, ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a doguwa a gaban Sinawa suna kallo, ya roƙa mini Allah ya sa kujerar ta zama alheri. Aka sake ɗaukar hoto, wannan karon ni ne kusa da Bature. An buga shi a sabon littafin talla, da rubutu a ƙasa wai kamfanin da kowa ke iya kaiwa sama. Na koma wurin loban sau biyu a kan maganar takardar Baba. Na farko ya ce ana dubawa. Na biyu ko shayi bai zuba mini ba, ya ce hukuma ce, shi ba shi da iko. Ai ya riga ya samu abin da yake nema, baƙar fuska ɗaya a sama, kuma ya san ba ni da bakin da zan ɗaga masa murya.

Takardar ba ta fito ba. Aka ba Baba kwanaki ya tattara. Shekara goma sha ɗaya ta shige cikin akwati biyu da jakar Ghana-must-go ɗaya. 'Yan kasuwa suka yi ta zuwa sallama, wasu har da hawaye, manyan Alhazai masu kwantena. Ni na ce zan raka shi filin jirgi, ya ce to. Muka shiga jirgin ƙasa da rana tsaka, muka tsaya a tsaye don babu wurin zama, akwatunan suna tsakaninmu. Muka wuce tasha wajen shida. Na ji in ban yi magana yanzu ba ƙirjina zai fashe.

Na ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba."

Ya ce, "Na sani."

Na ce ai bai san wanne nake nufi ba. Ya yi ɗan murmushi. Ya ce tun ranar da na fito daga ofishin loban na wuce ina kallon waya ya san an sayar da aikensa. Ya ce ɗan aiken da ya samo alheri tun daga nesa ake ganin haƙoransa. Daga baya kuma mai yi wa kamfani takardu ya gaya masa sauran, tun kafin baƙuwar ta zo.

Na riƙe ƙarfen jirgi. Na ce, "To Baba, da ka sani, me ya hana ka gaya wa matar? Da ka faɗa da yanzu kana nan."

Ya dubi ƙofar jirgin ya ce, "In na hwaɗi, sai ta tambayi mi ya sa ban yi magana ba tun da wuri. Sai in ce na yi aike. Sai ta ce wa ka aika? Kai kana zamne, kai za ka juya mata maganar da bakinka." Ya girgiza kai. "Mu biyu ɗai muke cikin biron nan, ɗana. Ni na kawo ka. In tona maka asiri gaban baƙuwa, su ce ga halin baƙaƙe nan? Na jira dai ko kai za ka hwaɗi."

Na fashe da kuka a cikin jirgi, ƙato da ni, da katin manaja rataye a wuya. Sinawa suka juyo suna kallona, wannan karon ba don iya harshe ba. Baba ya dafa kafaɗata ya ce in bari, mutane na gani. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, rabonsa ne ya ƙare a ƙasar. Da muka isa filin jirgi, a bakin ƙofar shiga ya ba ni hannu, ya ce in riƙa leƙa masu gidajen nan, akwai wata tsohuwa a unguwar Liwan da ba ta yarda da waya sai ta ga fuska. Ya ja akwatunansa ya shige bai waiwayo ba.

Na yi wata tara a kujerar. Na iya rubuta rahoto kam, amma babu mai gidan da ya taɓa buɗe ƙofa saboda rahoto. Masu gidaje suka koma cewa meyo. 'Yan kasuwa suka riƙa saukowa suna tambayar Baba, in an ce ya tafi su juya. Tsanin nan kuma yana nan yadda yake, Bature a sama, Sinawan ƙauye a inda suke, ni kaɗai aka ɗauke aka ɗora a wani mataki don a samu abin nunawa. Da na gaji na ajiye aikin na dawo gida.

Duk sallah ina kiran Baba. Yakan tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya yi mini tsiyar Kanawa, bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Daga wajen wani na ji cewa babbar 'yarsa ta bar karatun jinya saura shekara guda. Na sha cewa zan je Maraɗi in durƙusa a gabansa a gaban iyalinsa, ga ta nan kusa, tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba. Kullum sai in ce sai na shirya. Bara waccan na kira ranar sallar layya, ɗansa ya ɗauka, ya ce ai Baba ya kwana arba'in da rasuwa.

Na daɗe ina zagin loban da tsaninsa, kuma har yau ina cewa zalunci ne a auna ladan mutum da launin fatarsa ko garin da ya fito. Amma abin da wannan al'amari ya koya mini ya fi haka ɗaci. Irin wannan tsani ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an samu ɗaya daga cikin na ƙasa an ɗan ɗaga shi ya riƙe musu, a saye bakinsa da mataki guda. Ni aka samu, kuma ban yi tsada ba. Don haka duk wanda wani ya sa maganarsa a bakinka, ka isar da ita kafin ka buɗe baki a kan taka, ko da kuwa za ka fito hannu wofi. Mutumin da na ci amanarsa ya zaɓi ya rasa abincin 'ya'yansa a kan ya kunyata ni. Hularsa tana nan a saman durowa, ban kai in sa ta ba.